Shimfiɗar fuska ma darasi ce a makarantar lokotoro

Gwaggona man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take saidawa a babbar kasuwar Maraɗi tun ban san hannuna na dama ba. Wata shekara ciwon kai ya matsa mata, ga jiri, in ta duƙa za ta auna mai sai ta ga kasuwa na juyawa. Ta daɗe tana sayen ƙwayoyi wurin masu tallan magani a faranti. Da abin ya ƙi, sai ta rufe rumfa ran wata Litinin, ranar kasuwa guda, ta tafi likita. Tun hantsi ta kama layi, ba ta shiga ba sai da aka kira azahar. Wanda ya duba ta, in ji ta, yaro ne sa'an ɗanta na biyu. Ya ɗaura mata abin awon jini a dantse, ya faɗi wata magana da Faransanci ga wadda ke tsaye kusa da shi, ya rubuta takarda ya miƙo mata, ya ce tansiyo ce, ta riƙa shan ɗaya kullum da safe. Kafin ta gama gyara lulluɓinta an kira na bayanta.

Ta sayi maganin a farmasi, ta sha kamar yadda aka ce. Kwali ya ƙare, ciwon kai ya tafi, ta gode wa Allah ta koma kan cinikinta. Ita a saninta magani kamar bashi ne, in ka biya ka huta. Babu wanda ya gaya mata hawan jini ba ya warkewa da kwali guda, riƙe shi ake kamar akuya a turke, ranar da aka kwance igiya sai ya koma ɓarna. Bayan wata bakwai ta yanke jiki ta faɗi a bakin rumfa. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau hannunta na hagu bai ɗaukar galan, jikarta ke auna wa mutane mai.

Ban ce yaron nan bai san aikinshi ba. Ciwon da ya faɗa shi ne, maganin da ya rubuta kuma shi ne. Abin da ya rage magana ce ta minti biyu, ita ce ba a yi ba.

Duk ranar da muka buɗe layin tarho a gidan rediyo kan zancen kiwon lafiya, kukan masu kira, mata musamman, bai cika zama kan allura ko ƙwaya ba. Na yi sallama ba a amsa ba. An daka mini tsawa gaban mutane. An ba ni takarda ban san abin da ke ciki ba. Shi ya sa na ga ya dace mu duba wanga al'amari daga tushe, wato daga makarantar da ake horar da lokotoro. Shin iya magana da marar lafiya hali ne da ake haifar mutum da shi, ko sana'a ce da ake koyo kamar ɗinki da awo?

Abin da aka gani a gidajen likita

Kukan nan ba ƙagen masu kiran rediyo ba ne, an rubuta shi. A shekarar 2003 wasu masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka fitar da wani littafi da Faransanci wanda sunanshi ke nufin likitancin da bai iya karɓar baƙo ba. Su da abokan aikinsu sun zauna cikin gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai, suna kallo, suna sauraro, suna rubutawa. Olivier de Sardan na cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken LASDEL a Yamai a 2001, saboda haka ba baƙon ƙasar nan ba ne.

Abin da suka tarar kusan iri ɗaya ne ko'ina. Marar lafiyar da ba a san shi ba, wanda bai da ɗan'uwa ko aboki a cikin ma'aikata, sau da yawa ba a gaishe shi, ba a bayyana mishi ciwonshi, duban kuma ɗan taƙaitacce ne. Wanda ya zo da hanya kuwa, ma'aikacin nan dai shi ne zai miƙe ya ba shi kujera, ya tambayi iyali. A ɗakin haihuwa nan ne magana ta fi zafi. Wanga bambanci shi ya fi tsaya mini a rai, don ya nuna ba rashin iyawa ba ne. Mutumin ya iya tarbar baƙo sarai, sai dai bai ɗauki tarbar a matsayin wani ɓangare na aikin da ake biyan shi ba. Masu binciken ba su ɓoye ɗaya gefen ba: ƙarancin albashi, rashin kayan aiki, da shugabancin da bai yaba wa mai kirki bai kuma hukunta mai wulaƙanci.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman kan wulaƙancin da ake yi wa mata a ɗakin haihuwa. A 2019 wani bincike da aka yi a Gana, Gini, Najeriya da Myanmar ya nuna fiye da mace ɗaya cikin uku ta gamu da cin mutunci lokacin haihuwa, ko zagi, ko tsawa, ko mari. Matar da aka zaga a haihuwar fari, wa zai ga laifinta in ta biyu ta ce a gida za ta durƙusa? Nan ne maganar baki ke komawa zancen rai da mutuwa.

Daƙiƙa 18

A Amurka, a 1984, wasu lokotoro biyu, Beckman da Frankel, suka ɗauki maganar da ake yi a ɗakin duba marasa lafiya a faifai, sau 74. Suka iske in marar lafiya ya fara faɗin abin da ya kawo shi, lokotoro na katse shi bayan kamar daƙiƙa 18, ko rabin minti bai cika ba. In an katse shi kuwa da wuya ya koma ya ƙarasa. Hujjar masu katsewa ita ce, in ka bar mutum ya yi ta zuba sai rana ta faɗi. Sai a 2002 aka gwada a birnin Basel na ƙasar Suwis: aka ce wa lokotoro su yi shiru su bar mutane 335 su gama maganarsu. Aka auna, matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, minti ɗaya da rabi ke nan, kuma kusan takwas cikin goma sun gama kafin minti biyu.

Ƴan kasuwa ba su buƙatar a fassara musu wannan. Wace mai atamfa ce a kasuwar Dole ta Damagaram ko mai kayan miya a Katako za ta katse mai saye tun bai gama faɗin abin da yake so ba? Kin san wadda ta tsaya tana taɓa wannan turmi, ƙila wancan take so, tana auna kuɗinta ne a zuci. Marar lafiya ma haka yake. Abin da ya fara faɗa ba kullum ba ne abin da ya kawo shi. Mace za ta fara da ciwon kai da rashin barci, ainihin abin da ke damunta kuwa ƙullutu ne a nono ko jinin da ya ƙi tsayawa, tana jira ta ga fuskar mai duba ta tukuna. In an katse ta a ciwon kai, da maganin ciwon kai za ta koma gida.

Tun 1957 wani lokotoro ɗan ƙasar Hungari mazaunin Landan, Michael Balint, ya rubuta cewa maganin da aka fi ba marasa lafiya shi ne lokotoron da kanshi, kuma kamar kowane magani yana iya warkarwa, yana iya cutarwa. A 1977 George Engel na Amurka ya ce ba a duba jiki a bar zuciya da zaman gida, su uku tare suke tafiya. Daga irin waɗanga tunani ne darasin ya samu gindin zama a makarantun likitanci.

Yadda ake koyar da shi

A ƙasarmu tsangayar kiwon lafiya ta jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai ita ce uwa, a ƙetaren kogi, maƙwabciyar asibitin Lamorde inda ɗalibai ke koyon aiki a gefen gado. Daga baya jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da jami'ar André Salifou ta Damagaram su ma suka buɗe nasu sashen. Karatun ba ƙarami ba ne, shekara bakwai ko fiye bayan bak, kafin mutum ya kare littafin bincikenshi ya yi rantsuwar da ta haɗa da riƙe sirrin marar lafiya. A makarantu masu bin tsarin Faransanci akwai darasin sanin halayyar marar lafiya, wanda suke kira sikoloji na likitanci. Matsalar darasi irin wannan, in ya tsaya ga allo da alli, ɗalibi zai haddace shi ya ci jarrabawa, ya fito bai taɓa gwada shi a kan mutum ba. Ba a koyon ciniki a littafi, sai an zauna a rumfa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A 1963 wani malamin likitanci a Kaliforniya, Howard Barrows, ya fara horar da mai lafiya garau ya yi kamar marar lafiya, don ɗalibai su gwada a kanshi. Ana ba shi labari ya riƙe: sunan ƙarya, ciwon ƙarya, har da abin da zai ɓoye sai an iya tambaya. Ɗalibi ya shigo ya duba shi, malami na gefe yana kallo, wani lokaci a ɗauki hoton bidiyo. In an gama, marar lafiyar ƙaryan ya buɗe baki ya faɗi gaskiya: ba ka dube ni ba ko sau ɗaya, kalmar nan da ka faɗa ban gane ta ba, lokacin da na ambaci mijina ka wuce ba ka tsaya ba. Ɗalibi ya sake gwadawa. Kuskuren da zai yi a kan uwar wani ya yi shi a nan, inda babu wanda zai cutu.

A 1975 Ronald Harden na jami'ar Dundee a Sikotilan ya mai da wannan jarrabawa. Ɗalibi na bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗaki mintoci kaɗan, a wani ya auna jini, a wani ya bayyana wa uwa yadda za ta ba ɗanta magani, ana ba shi maki kan abin da ya yi da yadda ya yi shi. Faransa, wadda muka gaji tsarin karatunta, sai a 2024 ta sa irin wagga jarrabawa cikin abin da ke tantance matsayin ɗaliban likitanci na ƙasa baki ɗaya. Ɗalibi dai ko'ina ɗalibi ne, abin da ke da maki shi yake ba muhimmanci.

Abin da ake koya musu kuwa ba wani tsafi ba ne. A 1996 malamai biyu, Suzanne Kurtz ta Kalgari a Kanada da Jonathan Silverman na Kambirij a Ingila, suka tsara shi mataki-mataki, makarantu da yawa na bin tsarin nasu. Ka gaida mutum, ka faɗi sunanka da aikinka, ka zauna kada ka tsaya a kanshi. Ka fara da tambaya mai faɗi, irin “me ke tafe da ke, Inna?”, kafin ka shiga masu amsar i ko a'a. In ta gama ka ce “akwai wani abu kuma?”, don sau da yawa a nan babbar maganar ke fitowa. Ka tambaye ta ita me take zaton ya kawo ciwon, me take tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙarshe, wanda da an yi wa gwaggona da ƙila hannunta na nan. Wani nazari da aka wallafa a Ingila a 2003 ya ce marasa lafiya na manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da aka gaya musu tun ba su bar wurin ba. Dabarar ita ce kada lokotoro ya ce “kin gane?”, don kowa i zai ce, kunya ba ta barin a ce a'a. Sai ya ce: “Inna, don in tabbata na yi bayani daidai, in kin koma gida Malam ya tambaye ki yadda za a sha maganin nan, me za ki ce mishi?” Nan take zai ji inda aka kauce. Mai ba da bashi ma haka yake yi, sai ya sa ka maimaita ranar biya da bakinka.

Ku dubi maganin masassarar cizon sauro da aka fi bayarwa, Coartem. Sau shida ake shan shi cikin kwana uku, safe da dare, kuma ya fi shiga jiki in an haɗa da abinci mai maiƙo ko nono. Yaro na samun sauƙi tun rana ta biyu, uwa ta ɓoye sauran don ƙanenshi, ita a ganinta tattali ta yi. Maganin rigakafin damina da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 haka yake: na ranar farko gaban ma'aikaci ake ba da shi, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa suke. Tarin fuka wata shida ne cur, ko tari ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2003 cewa ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka tsara. Duk waɗanga wurare, ingancin ƙwaya bai wadatar ba in bayani bai shiga ba.

Faransanci a ka, Hausa a baki

Mu kuma muna da wani tudu da Ingila da Amurka ba su cika hawa ba. Ɗalibinmu da Faransanci ya koyi sunan kowane ƙashi da kowace jijiya. Ranar da ya zauna gaban marar lafiya kuwa, Hausa ce, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, Barbarci ko Buzanci. Ɗan Dosso a kai shi Madarunfa, ɗan Matamai a kai shi Tera. In harshe ya gagara sai a kira mai gadi ko mai shara ya yi tafinta, ko a sa yaron da ya rako uwarshi. Ku gaya mini, wace uwa ce za ta faɗi ciwon mara ta bakin ɗanta?

Ko wanda Hausa ce harshen gidansu, ba shi ke nan ya tsira ba, don sunayen ciwo na kasuwa ba su faɗa daidai kan na littafi ba. Mace ta ce “sanyi” ke damunta. Sanyin ƙashi take nufi, ko mura, ko ɗigar da take jin nauyin ambata? Wani ya ce “shawara” gare shi: ƙila idonshi ya yi ɗorawa, ƙila kasala ce da rashin cin abinci. “Zuciyata na tashi” amai ne, “zuciyata ta ɓaci” damuwa ce, babu wanda ya shafi tsokar da ke bugawa a ƙirji. Wadda ta ce cikinta ya kwanta shekara biyu, ɗalibin da ya yi dariya ya rasa ta har abada, alhali bayan maganar nan ƙila akwai ƙari a mahaifa, ƙila haila ce ta ɗauke, ƙila kuma tsoron kishiya ne da gorin dangin miji. Wanda ya ce iska ce ta taɓa ɗiyarshi, in ka ce mishi jahili zai ɗauke ta ya koma inda ake sauraron shi, farfaɗiyar kuma ta ci gaba.

Ga kuma kunya, wadda babu ita a littattafan da aka rubuto daga waje. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, wata ma sai ta yi kamar ciwonshi bai dame ta ba, baƙon al'ada ya zaci rashin kula ne. Amarya gaban uwar miji ba ta cewa uffan, duk tambayar da aka yi tsohuwa ke amsawa. Lokotoron da aka koya wa aiki ya san yadda zai ce, “Hajiya, a ɗan ba mu wuri zan auna ta,” ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Mai naƙuda da aka hore ta tun tana ƙarama cewa kuka abin kunya ne za ta danne ciwo har ya wuce kima, shirunta ba alamar sauƙi ba ce.

Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A ganina in akwai inda ya kamata a ga amfanin wannan da wuri, to ɗakin duba marar lafiya ne. Ban ce a fassara dukan littattafan likitanci gobe ba. Amma me zai hana a jarraba ɗalibi kan bayyana ciwon suga ko hawan jini da Hausa da Zabarmanci kafin a ba shi takarda? Masu yin marar lafiyar ƙarya kuwa ba sai an yi odarsu ba. Ƙasar da ke da ƴan wasan kwaikwayo irin na Damagaram da Yamai, waɗanda suka daɗe suna sa mu dariya da kuka a rediyo da talabijin, ba ta rasa wadda za ta yi tsohuwa mai ɓoye ciwo. Kada mu manta makarantar ma'aikatan jinya ta Yamai sunan Damure Zika take ɗauke da shi, mutumin da ya haɗa aikin jinya da wasan fim tare da Jean Rouch. Ya rasu a 2009.

Ranar mugun labari

Darasi mafi nauyi shi ne yadda ake faɗa wa mutum abin da ba ya son ji: ciwon daji, sida, ƙodar da ta daina aiki, jaririn da ya zo babu rai. A 2000 wasu masana ciwon daji, cikinsu da Walter Baile da Robert Buckman, suka tsara hanya mai mataki shida da ɗalibai ke koyo a ƙasashe da dama. A taƙaice: a nemi wurin da babu idon jama'a, a zauna, a fara jin abin da mutumin ya riga ya sani, a tambaye shi iya abin da yake son sani, a faɗa da kalmomi masu sauƙi, kaɗan-kaɗan, in ya yi kuka ko ya yi shiru a dakata, kada a cika shi da bayani, sannan kada ya tashi sai ya san abin da za a yi gobe. Faransa ta sa irin wannan cikin shirinta na yaƙi da ciwon daji na 2003, bayan marasa lafiya da kansu sun koka cewa a tsaye cikin baranda ko ta tarho ake gaya musu.

A wurinmu abin ya fi haka sarƙaƙiya. Al'adarmu ita ce a kira miji ko wa a gefe a gaya mishi, a ce kada a faɗa mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Akwai tausayi cikin wannan, ban musa ba. Amma na san ƴan kasuwa. Matar da ke da bashi a hannun mutane, da adashi, da kayan amana a rumfa, da marayun da take riƙo, tana da haƙƙin sanin halin da take ciki don ta shirya. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta fara gashi da na'ura, wanda a da sai an fita waje. Wadda ba a gaya wa ainihin ciwonta ba, yaya za ta yarda ta bar Tawa ko Tasawa ta zauna Yamai makonni, ta sai da tumakinta, don ciwon da aka ce mata ƙurji ne kawai? Abin da ake koya wa ɗalibi mai kyau shi ne ya tambayi ita mai ciwon: in sakamako ya fito, ke za a gaya wa, ko akwai wanda kike so ya zauna tare da ke? Wata za ta ce a gaya wa Alhaji, ya isa. To, ita ta zaɓa. Addu'a da “Allah ya ba da lafiya” suna da wurinsu, kuma marar lafiya na jin daɗinsu daga bakin lokotoro, sai dai ba su maye gurbin bayani.

Shi ma mutum ne

Zan yi rashin adalci in na tsaya nan. Yaran da ke shiga makarantar likitanci yawancinsu da tausayi suke shiga. Wani bincike da aka yi a birnin Filadelfiya na Amurka a 2009 ya nuna tausayin ɗalibai na raguwa a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara shiga ɗakunan marasa lafiya. Dalili a fili yake. Abin da malami ya faɗa a aji daban, abin da ɗalibi ke gani na gaba da shi na yi daban, kuma na ido ya fi na kunne kama zuciya. In ya ga babba na kiran mutum da lambar gado, shi ma haka zai tashi. Ga kwanan aiki ba barci, ga yaro ya mutu a hannunshi da asuba don babu jini, ƙarfe takwas kuma ana jiran shi ya yi murmushi. Wanda ba a koya wa yadda zai ɗauki wannan nauyi ba, sai ya kare kanshi da ɗaure fuska. Shi ya sa a wasu makarantu ake tara ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, irin zaman da Balint ya faro, su faɗi marar lafiyar da ya tsaya musu a rai, ba don a ba su maki ba.

Ga kuma yawan jama'a. Ma'aunin da aka saba ambata shi ne lokotoro ɗaya ga mutum 10.000, mu kuwa muna nesa da shi, kuma waɗanda ke akwai sun fi taruwa a Yamai. A mafi yawan CSI na karkara ma'aikacin jinya ne lokotoro, shi ne mai allura, wani lokaci shi ne ungozoma. An sa fiɗar haihuwa kyauta a 2005, duban yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki a 2006, amma kuɗin da ya kamata a maida wa gidajen likita ya yi ta makara shekara da shekaru. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya da rabi a gidajen likitar gwamnati. Sauƙin kuɗi alheri ne, sai dai layi yake ƙara wa tsawo. Ma'aikacin da ke da uwaye sittin a ƙofa cikin watan Satumba, lokacin da masassara ta yi tsanani, in ya ce bai da lokacin hira, ba ƙarya ya yi ba. Abin da zan ce mishi kawai, amsa sallama ba ta cin minti, kuma wadda ba ta gane ba yau za ta dawo mishi jibi cikin dare, a sume, ta ci mishi awa uku.

Mu ma masu zuwa da namu laifin. Muna ɓoye cewa mun sha jiƙo da ƙwayar faranti kafin mu zo, don tsoron faɗa, alhali lokotoro na buƙatar sani, wani magani ba ya haɗuwa da wani. Ku riƙa zuwa da kwalin abin da kuka sha. Kafin ku tashi daga kujera ku tambayi sunan ciwon, ku tambayi kwana nawa za a sha maganin da abin da za a yi in ya ƙare, da alamar da in an gani a dawo ba jira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan faɗuwar gwaggona, wata lokotoro ce ta karɓe ta, mace mai ɗan shekaru. Ni na raka ta, na ga abin da idona. Ta jawo kujera kusa, ta ce, “Inna, me kike saidawa?” Da ta ji man gyaɗa ne sai ta tambayi yadda take cin abinci a rumfa, dunƙulen magi nawa ke shiga miya, gishiri fa, wa ke saya mata magani in ciniki ya yi baya. Ta zana rana a jikin kwalin, ta ce wanga magani abokin zama ne har iyakar rai, ko kai na ciwo ko ba ya yi. Sannan ta sa gwaggo ta maimaita, gwaggo ta kauce a wuri ɗaya, ta gyara mata tana dariya. Na duba agogo don halin aikinmu na rediyo: minti tara.

Yanzu farkon kowane wata gwaggo na zuwa awo, ranar Talata, don kada ta rasa kasuwar Litinin. Jikar tata ke riƙe da karnen, ita ke kuma tuna mata in kwali ya kusa ƙarewa.